Cikin da Za a Rage Mini

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Allah ya ƙara muku lafiya. Mu ma kalau muke. Auta ta fara kama ɗinki a shagona, Innarmu kuma tana nan da faɗanta.

Yaya, kaina ya ɗaure. Kin san ciwon bayan nan da nake ɗora wa zaman keken ɗinki. Yanzu ya sauko ƙafafu, in na tsaya sai in ji kamar ba nawa ba. An ɗauki hoto, likita ta ce kitse ne ya taru a cikin ƙashin baya yana matse jijiyoyi. Ni da na ɗauka kitse a tumbi da cinya yake tsayawa. Ta ce shawararta a yi mini aikin rage ciki, in daina ci da yawa, ƙiba ta sauka, wataƙila na bayan ma ya bi. Na yi ta tambayarta yadda baya ke ciwo a yanka ciki. Kamar a kawo mini riga hannu ya matse, in farke wuya. Ta zana mini a takarda, na gyaɗa kai don kunya kawai.

Sai Baban yara ya je ya ce wa Inna za a rage mini ciki. Inna ta fahimci juna biyu gare ni, ni da jika. Wai ashe ƙibar nan 'yan biyu ne, za a cire ɗaya a bar ɗaya. Ta yi kuka, ta ce ba da yawunta ba. Na rantse mata cikin abinci ake nufi, ta ce yaushe aka fara raba ciki gida biyu. Na so in yi dariya, amma ni ma da nake mata bayanin ban gama ganewa ba, kuma tsoro nake ji.

Ba zan kwanta a yanka ni ba tare da albarkarta ba, kuma maganarki kaɗai take ji. Ki kira ta, sannan ki gaya mini abin da za ki yi da a ce ke ce. Don Allah kar ki daɗe. Jiya takalmina na hagu ya fita a hanya, ban sani ba sai da maƙwabciya ta biyo ni da shi.

Ki gaida maigidan, da Babba, da takwarata. Inna ma tana gaishe ki, ko da yake ni ba ta yi mini magana.

Taki,
Ƙanwarki