Wai Fuskar Mijina Ta Yi Kasuwa

Anti Glenda, don Allah ki taimake ni kafin in yi ɓaranɓarama. Na rasa wanda zan faɗa wa wannan magana, domin a garin nan namu in na yi atishawa a layin sayen kifi da dankali, kafin in iso gida surukata ta bugo waya tana yi mini sannu da mura.

Mijina, bari in kira shi Lyndon, ɗan wasan zari-ruga ne, irin na 'yan wasa goma sha uku, a ƙungiyar garinmu. Yana cikin ƙattin gaba, waɗanda aikinsu kawai su rungumi ƙwallo su afka wa duk wanda ya tare hanya. Ina son abina, Allah ya sani, amma gaskiya gaskiya ce. Hancinsa ya sha karaya har ya manta inda ya dosa, kunnuwansa sun dunƙule, haƙoransa na gaba kuwa na roba ne, a kofi suke kwana. Ranar aurenmu sai da mai hoto ya roƙe shi ya ɗan juya gefe.

To wannan fuskar ce wai ta yi kasuwa! Kwantiraginsa zai ƙare bana, ga shi ƙungiya ta sayo wani mai gudu daga Ostireliya. Kin san hukumar wasan ta ƙayyade abin da kowace ƙungiya za ta biya 'yan wasanta gaba ɗaya, kuma baƙon nan ya lashe kaso mai tsoka. Sai shugaban ƙungiya, wani mai sayar da kafet, ya kira Lyndon ya ce za a rage masa albashi, amma kada ya damu, akwai wani kamfani a can wani tsibiri da zai riƙa cika masa sauran, ladan amfani da hotonsa a talla.

Na bincika, Anti. Tsibirin sai na sa tabarau na gan shi a taswira. Kamfanin ba ya sayar da ko allura, kuma mai shi ƙanin matar shugaba ne. Ko ni da nake aiki a shagon gyaran gashi na gane dawar garin: albashi ne aka zagaya da shi ta teku don ya kauce wa masu haraji da hukumar wasa.

Shi kuwa bawan Allah ya yarda ɗari bisa ɗari. Ya shigo gida yana washe gibi, wai, “Ke, ashe duk shekarun nan da kadara kike zaune ba ki sani ba!” Na ce tallan me za ka yi? Ya ce ba su faɗa ba tukuna, amma yana jin turare ne. Turare fa, Anti! Yanzu man fuskata ba ya kai mako, yana shiga banɗaki ya kulle yana gwada murmushi, uwarsa kuma ta gama shelanta wa unguwa.

Dariya nake, amma abin ba na dariya ba ne. Tun yana makaranta ake tsokanarsa da muni, ban taɓa ganin ya kalli madubi da fara'a ba sai yanzu. In ya ƙi tayin, sallamarsa za su yi, ga gwiwa ta fara ciwo, ga shi rigar ƙungiyar nan babansa ma ita ya sa. Ni ma ba na son barin garin, ba zan ɓoye miki ba. In kuma ya sa hannu, watarana jami'in hukuma zai zaunar da shi, shi kuma zai rantse da zuciya ɗaya cewa kyansa aka saya. Ranar Litinin zai sa hannu. In faɗa masa, ko in ja bakina in yi shiru?

Matar Kyakkyawa, daga Yorkshire

*

Matar Kyakkyawa,

Da farko ki gaida mini Lyndon, kuma ki saya masa nasa man ya bar miki naki.

Bari in yi wa shugabanku adalci kaɗan. Biyan ɗan wasa don hotonsa ba laifi ba ne a kan kansa, in da gaske akwai hajar da hoton ke sayarwa. Kuma mai yiwuwa mutumin nan yana son riƙe mijinki ne tsakani da Allah, ya rasa hanya sai wannan. Tsoronki na barin gida ma ba abin kunya ba ne. Ɗan wasa mai ciwon gwiwa ba shi da shekaru da yawa a gaba, dole matarsa ta yi lissafi.

Amma tambayar da kika yi masa a gida, ita masu bincike za su yi: tallan me? Ke kin yi da ƙauna, su ba za su yi da ita ba. In babu talla babu haja, albashi ne aka sake wa suna. Ranar da abin ya fashe, sa hannun Lyndon za a gani a ƙasa. Shi masu haraji za su nema, shi za a iya dakatarwa, in kuma aka zabtare wa ƙungiya maki, sunansa 'yan kallo za su riƙa kira. Shugaba yana da lauyoyi da shagon kafet da zai koma. Mijinki sunansa kawai yake da shi a garin nan.

Saboda haka kada ya taɓa biro ranar Litinin. Ku nemi a ɗaga, ku kai takardar wurin lauyan da ba ya cin abinci a hannun ƙungiya, ko wurin ƙungiyar kare haƙƙin 'yan wasa. Ku ce a rubuta muku ƙarara wace haja ce, kuma ko hukumar wasa ta san da zancen. In shugaba ya fara kame-kame, kun sami amsa. Daga nan sai ku zauna ku biyu ku auna: ƙaramin albashi mai tsabta a gida, ko ƙaura zuwa wata ƙungiya. Duka biyun da ciwo, amma ba wanda zai hana ku barci.

Shirun nan naki kuwa, na san tausayi ne, sai dai ba zai kare shi ba, jinkirta masa kunya kawai zai yi har ta girma. Ki faɗa masa yau, bayan ya ci ya ƙoshi, ba a gaban uwarsa ba. Ki bar zancen hanci da kunne, ki tsaya a kan kamfanin. Zai yi fushi, ƙila ya kwana biyu ba ya kula ki, ki ƙyale shi. Ko ba jima ko ba daɗe zai gane ba kyansa aka saya ba. Gara ya ji daga bakin wadda ta zaɓi fuskar nan tun ba a yi mata kuɗi ba, da ya ji daga bakin cikakken filin wasa.

Allah ya ba ki sa'ar baki, ya ba gwiwarsa lafiya, ya bar ku tare.

Anti Glenda