Gansakuka a Fankar Inna

Daren Laraba, Gyaɗi-Gyaɗi

Barci ya ƙi zuwa. Ni na saya wa Inna fankar nan mai tankin ruwa da zafi ya matsa, ni nake ɗura mata ruwan rijiya kullum. Da ta fara wari ma, turarena mai tsada na tsiyaya a ciki.

Yau sai ga ƙanwata Hadiza daga asibiti, ko kayan aiki ba ta cire ba. Ta zaro tankin, gansakuka kore shar, ga yauƙi. "Haba Yaya, ƙari kawai kike yi, ba kya zubar da tsohon? Wannan iskar Inna take shaƙa, ga tari!" A gaban maƙwabta fa. Ta dirje shi da bilic, ta shanya ragar baya a rana, ta ce kullum a sake ruwa.

Inna sai shi mata albarka take yi, har da "'yar aljanna". Ni ranar da na kawo, "Allah ya amfana" kawai na samu.

Yanzu ɗakin Inna shiru, ko tari ɗaya. Wallahi na ji daɗi. Amma na sani, da Hadiza ce ta saya ni na wanke, ita ɗin dai za a yaba.