Ƙotar da Na Sauke wa Baba Garga

Litinin, 5 ga Yuli, 1993
Wata biyar ke nan da sallamata daga aiki. Yau na kama fili a kwarin Elig-Edzoa, kusa da na Baba Garga, dattijon layinmu a unguwar Briqueterie. Sanyi na cizon yatsu, rana ta ƙi fitowa. Na ja fangali goma sha biyu masu zurfi, yadda muke yi a garinmu Mora, can arewa, don su riƙe ruwa. Irin da zan dasa shi ne na ƙarshe da Inna ta aiko: tafarnuwa kwano biyu, 'ya'yan albasa rabin buhu. In ya lalace babu wani, kuma shi gidana ke jira.

Talata, 6 ga Yuli
Garga ya tsaya a kaina. "Mansur, ɗana, nan ba arewa ba ne. Ɗaga kunya. Ça va pourrir, wallahi ruɓewa zai yi." Ni zai koya wa albasa? Mutumin da shekara talatin alayyafo kawai ya sani! Na ce to, na ci gaba da dasa abina.

Asabar, 17 ga Yuli
Sun tsiro. Har Madina, matata, ta yi dariya yau.

Juma'a, 23 ga Yuli
Ruwa kwance a fangali huɗu, ganye ya yi rawaya. Lambatun Garga ta gefen filina ya bi. Na lura. Zuciyata tafasa take, a gida na yi jifa da kwanon tuwo ba dalili.

Litinin, 26 ga Yuli
Na tumɓuke tafarnuwa ɗaya, ta narke a hannuna, sai wari. Na tumɓuke goma, haka. Garga na durƙushe yana gyara lambatunsa. Na ce, "Kai ka sako mini ruwa don maganarka ta tabbata!" Ya ce, "Ji tsoron Allah, yaro." Yaro! Ban san sanda na juya fartanya ba. Na sauke masa ƙota, ya tare da hannu, na ji ƙas. Na ƙara masa a kafaɗa, ya kife cikin laka, bakinsa na jini. Da matan da ke ban-ruwa ba su riƙe ni ba, da na ƙara. Gaskiya ita ce a lokacin daɗi na ji.

Laraba, 28 ga Yuli
Na toshe lambatun da duwatsu. Hannun Garga karaya ce, an kai shi wurin mai ɗori. A masallaci ya ce zamewa ya yi. Madina ta san ba haka ba ne, ko kallona ba ta yi.

Lahadi, 1 ga Agusta
Lambatun ya bushe ƙaf, ruwa na nan a fangalina. Na tona rami can nesa da iyakar Garga, zurfin kamu ɗaya. Ina tsaye ya cika. Daga ƙasa yake ɓuɓɓugowa.

Laraba, 4 ga Agusta
Abin da ya tsira bai cika kwano ba. Na ɗaga kunya uku na mayar da shi. Na nome wa Garga filinsa, don dai ciyawarsa na shigo mini ne. Da hantsi sai ga shi, hannu rataye a wuya da tsumma. Ya zauna bisa dutse, ya daɗe yana duban kunyoyin. "Ƙara musu tsawo, ɗana."

Na ƙara. Ban iya ɗaga kai na dubi hannun ba.