Maganin Juma'a da na manta

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, abin nan ya hana ni sakat.

Ina aure a unguwar London, nan Libreville. Shekara biyu ke nan da na ɗauko Mama daga Kano saboda ciwon gaɓoɓi, likita ya ɗora ta kan wani magani wai methotrexate, ranar Juma'a kaɗai take sha. Kwanakin baya haƙori ya kama ta har kumatu ya kumbura, ni kuma uwar iyawa na wuce farmasi na ce a ba ni amoxicillin, tunda shi na sha lokacin nawa haƙorin. Mai farmasin sai da ta tambaye ni ko marar lafiyar tana shan wani magani, na ce na hawan jini ne kawai. Wallahi ba da gangan ba ne, ranar Talata ce, na Juma'ar nan ko kaɗan bai faɗo min a rai ba.

Juma'a ta zo, ni da hannuna na ba ta duka biyun. Cikin 'yan kwanaki bakinta ya yi gyambo, ga amai, ko ruwa ba ta iya haɗiyewa. A asibiti likita ya ce amoxicillin na iya hana ƙoda fitar da wancan maganin, sai ya taru ya zama guba. Ya tambaya wa ya ba ta amoxicillin ɗin. Kafin in buɗe baki Mama ta matse min hannu, ta ce in gaya masa ita ta saya a ɓoye. Matar da ko gaisuwar bonjour ba ta iya ba. Ni ce tafinta, ni na juya maganar zuwa Faransanci. Haka ta faɗa wa Yayanmu a waya. Kwana tara ta yi, Allah ya karɓi abarsa.

Yanzu duk wanda ya je ta'aziyya Kano, Yaya sai ya ce taurin kan Mama ne, da shan magani barkatai. Ni kuma ya kira ni yana sa min albarka, wai na yi jinya. In ya kashe waya kuka nake yi har kaina ya yi ciwo.

Shin in faɗa masa gaskiya, in yaye rufin asirin da ta yi min da sauran ƙarfinta? Ko in yi shiru ana ta ɗora wa uwata laifina tana cikin kabari? Ya zan yi?