Wanda Ke Karatu a Ɗakin Abdulbaqi

Ƙofar Ran, Bauchi

Ɗana Abdulbaqi,

Assalamu alaikum. Ya jiki, ya karatu? Mu nan sai godiya. Tunda ka daina ɗaga waya, ga takarda ta hannun direba.

Ka ce ka fara sabon kwas na kwamfuta da ake yi daga nesa, kana so ka ajiye karatun lauya. Ban yarda ba. Da burin ganinka lauya mahaifinka ya rasu. Na ji bayanin yunit ɗinka: wai kowane ɗaya awa guda ce a aji da awa biyu na bita duk mako, wai lauya yunit ashirin da huɗu ne, sabon kwas sha shida, sai mutum biyu za su iya ɗauka. Wannan raki ne. Ni na yi sakandare ina daka ina raino. A gidan nan ba a fara abu a bari. Ka haɗa duka.

Allah Ya yi maka albarka.
Mahaifiyarka, Hajja Zubaida

Abdulbaqi,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya. Wace tarbiyya ce mutum ya shigo gidan uwarsa bai gaishe ta ba? Jiya bayan azahar na leƙa ta tagar ɗakinka na gan ka zaune, ka ba ni baya, kana karanta littattafan shari'a na mahaifinka. Na yi magana, shiru. Aka kira la'asar ba ka motsa ba. Da na dawo da tuwo, ba kowa. Ƙanwarka Saudatu ta ce ai kwaɗon ƙofar yana rufe, makullin kuma yana jakata. Ko ta ina ka bi, gudun makaranta dai ha'inci ne.

Mahaifiyarka

Abdulbaqi, ɗana,

Ina gaishe ka, ina roƙon Allah Ya sa kana lafiya. Abokin ɗakinka Prosper ya kira ni. Ya rantse ba ka taɓa barin makaranta ba. Ya ce kullum kana gaban kwamfuta, ba ka ci, ba ka amsa kira, ka rame. Yana faɗa, ni kuma ina tsaye a tsakar gida da rana tsaka, ina jin ana buɗe shafi a ɗakinka. Wanda ke ɗakin nan ya daina ɓacewa. Ya fara irin tarinka. Ɗazu ya soma juyowa, na kawar da kai.

Ka je wurin shugaban sashe ka ajiye ɗaya, ko wanne ne. Umarni ne, ba shawara ba. Na janye maganata ta ka haɗa duka.

Takardar nan biyu na rubuta. Ɗaya na ba direba, ɗaya na tura ta ƙarƙashin ƙofa, don ban san wanne na haifa ba.

Allah Ya tsare.
Mahaifiyarka, Hajja Zubaida