Rijiyar da Ta Gagari Sarkin Rijiya

Zuwa gare ka farin watana mai furfura, gawona mai inuwa a tsakar rani, zumata da ƙudan zuma ke gadi, Sarkin Rijiyar Yekuwa!

Kafin gaisuwa, cinko mini wannan: wace rijiya ce maginin rijiya ba ya iya shiga, kuma in ta yi ruwa mai ita ba ya murna?

Yi ta tunani. Ai a kwance kake a asibitin Kano, ba noma ba sassabe.

Autarmu Habsatu da ke jinyarka ta kira ni tana kuka. Ta ce ƙarin ruwan da ke zuga jininka ya yaƙi dajin huhu yana aiki, Alhamdulillahi, amma ruwa ya taru ya matse maka zuciya, numfashi sai a zaune. Lokotoro, likitan nan naka, ya ce a sa siririn tiyo a zuƙe, kai kuwa ka ce sam, a kira wanzami ya yi maka ƙaho! Har ka daina shan ruwa, wai kar ka ƙara cika randar. Haba Malam! Ruwan moɗa ciki yake tafiya, ina ya ga hanyar ƙirji?

Kai da ake zura ka gaba ashirin da tsohuwar igiya, yau allura ce ta sa ka kyarma? Ka tuna ranar da kake yasar rijiyar unguwarmu, na zura maka fura cikin guga? Ka fito caɓa-caɓa, haƙora kaɗai ke fari, na ce wannan kwaɗon nawa ne. Tun ranar ban ƙara ganin namiji ba!

Wayyo! Wake ya nuna, ba mai yi mini gardama. Minsharin nan da na sha tsinewa, yau da kaza zan saye shi. Laminu mahauci har ya fara tsawaita gaisuwa, shi da haƙori biyu. Kar ka bar ni da wannan abin kunya!

Don Allah ka kwanta a zuƙe. Tsokanata ta ƙare, hawaye ne ya rage.

Taka har kabari, in an tashi ma kai zan nema,
Kellu

Af, amsar: jakar da ta lulluɓe zuciyarka ce. Ta cika, kuma tiyon lokotoro kaɗai ke kai gindinta.