Takarda ta Biyu a Kan Habu

Laraba, bayan isha'i

Yau aka yi wa Habu salla a ƙauyensu, babu gawa. Tana can ƙasar da ya shiga sojanta.

Manajan kamfaninmu na fata da ke Challawa ya leƙo ofis: "Malama, ke da kika yi jami'a, rubuta wa iyayensa ta'aziyya. Ki ce gwarzon ma'aikaci ne."

A baya, ni na buga takardar korarsa saboda makara zuwa aiki. Na san jinyar babansa yake yi, na yi shiru. Daga nan ya bar ƙasar nan.

Na rubuta gwarzo, na kai da kaina. Mahaifiyarsa ta karɓa da hannu biyu: "Allah ya yi miki albarka, 'yata. Ya ce ke kaɗai ce mai kirki a wurin."

Na ce amin.